Juma'ar da Aka Duba Lorna

A garin Dalmora in ka ce "shagon Lorna", ba mai tambayarka wace Lorna. Ɗan ƙaramin shago ne a bakin hanyar da ta nufi mahaƙar kwal. Tun gari bai waye ba take kunna wuta, ma'aikatan safe su tsaya su karɓi kofi da burodi mai nama a ciki, waɗanda suka tashi daga aiki kuma su biyo a kan hanyarsu ta gida, ƙura har cikin kunne. Ta san wanda ba ya shan sukari, ta san wanda likita ya hana shi maiƙo amma yake ci a ɓoye. Ita ma kusan komai nata sun sani, ban da abu ɗaya. Ba wanda zai iya rantsewa ga inda Lorna Tolhurst ta dosa a siyasa. In gardama ta kaure a shagon aka ce, "Lorna, ke me kika gani?" sai ta ci gaba da goge tebur ta ce, "Ni kofi nake sayarwa."

Wannan kame baki yana da tushe. Mahaifinta, Stan Hagan, ɗan ƙungiyar ƙwadago ne na gani-kashe-ni. Tana 'yar shekara tara aka yi wani dogon yajin aiki, har abinci ya soma yankewa a gidaje. Maƙwabcinsu Mista Doyle, mai 'ya'ya biyar da mata marar lafiya, ya kasa jurewa ya koma aiki kafin a janye. Ba wanda ya ɗaga masa hannu. Gaisuwa kawai aka daina. Matarsa in ta shiga kanti sai mai kanti ya ƙura wa bango ido har ta gaji ta fita. A coci, bencin da suka zauna ya zama nasu su kaɗai. Wata safiya aka tsinci karensu a ƙofar gida, kumfa a baki. 'Yarsu Patsy ƙawar Lorna ce, tare suke tafiya makaranta.

"Kada in ƙara ganin ki da yarinyar nan," in ji mahaifiyarta.

"Me ta yi, Mama?"

"Ba ita ba ce, ubanta ne. Ci abincinki."

Kafin shekara ta ƙare gidan Doyle suka ɗaure kayansu a kan mota suka tafi, ba wanda ya leƙo ya yi musu sallama. Masu wannan aikin kuwa mutanen kirki ne, masu kai wa marar lafiya miya, masu haɗa hannu in an yi rasuwa. Wannan ne ya fi tsaya wa Lorna a rai.

Ta girma, ta auri Merv Tolhurst, mai tuƙa ƙatuwar motar haƙa, mutumin da zai yini bai yi maganar da ta cika cokali ba. Suka haifi Kym da Brody. Kym ta yi aure a birnin Brisbane, Brody ya bi ubansa mahaƙa. Stan kuwa ƙurar kwal ta cinye masa huhu, Lorna ce ta yi jinyarsa har ya cika. Bayan rasuwarsa ta buɗe shagon.

Kym ce ta buɗe mata shafi a Fesbuk don ta riƙa ganin hotunan jikoki. Lorna ta saba da abin sannu a hankali. Takan ɗauki hoton fararen aku da ke sauka a bakin rafi ta ɗora. Da wutar lantarki ta yi tsada ta sa farantan sola a rufin shago, ta ɗora hotonsu tana murna. Wata rana iska ta kwaso ƙura daga mahaƙa ta ɓata mata shanya, ta ɗora hoton zanen gadon ta rubuta, "Ga wankin banza." Duk shekara ranar da mahaifinta ya rasu takan sa hotonsa. Iyakarta ke nan.

Ƙawarta tun firamare, Coralie Banks, mai gyaran gashi, ita ce ke kula da zauren garin a Fesbuk. Coralie baki gare ta kamar reza, amma ba ta da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Ita ta ƙirƙiro abin da ta kira Duban Juma'a. Duk Juma'a sai ta zaɓi mutum ɗaya, ta bi shafinsa tun daga tushe, ta fito ta yi masa fassara kamar bokanya: ga ra'ayinsa a siyasa, ga ra'ayinsa a tattalin arziki, ga abin da zai yi da za a ba shi mulki. Ta ce Len mai sayar da nama ɗan jari-hujja ne tsantsa daga safe zuwa yamma, da an shiga mashaya sai ya koma ɗan gurguzu, giyar kowa tasa ce. Ta ce shugabar makaranta tana so a ƙara wa masu kuɗi haraji, mai kuɗi kuwa a wurinta shi ne duk wanda motarsa ta fi tata. Gari ya yi ta dariya. Len har bugawa ya yi a takarda ya manna a bayan sikelinsa. Mutane suka riƙa roƙon Coralie ta duba su.

"Ni dai kada ki kuskura ki sa ni," Lorna ta ce mata wata rana, tana zaune a kujerar gyaran gashi.

"Haba tsohuwa, me zan samu a shafinki? Aku da jikoki?"

Lorna ta ɗauka an gama magana.

A lokacin garin ba ya cikin daɗi. Kamfani yana neman izinin faɗaɗa mahaƙar, gwamnati tana ta jan ƙafa. Ranar wata Alhamis wasu matasa 'yan kore, masu fafutukar a rufe kwal, suka zo daga birni suka ɗaure kansu da sarƙa a layin dogo, jirgin kwal ya yini a tsaye. Washegari da safe kamfani ya tara ma'aikata ya ce in izini bai fito ba, rage mutane za a yi. Coralie tun farkon mako ta rubuta dubanta, kuma ranar tana can tana fama da kawunan mata, ba ta san an yi taron ba. Da azahar ta danna ta saki.

Len ne ya shigo shagon Lorna yana washe baki. "Ranki ya daɗe, sarauniyar agwagi! A ba ni kofi kafin a ƙwace min shago a raba wa talakawa."

"Wace irin magana ce wannan?"

Ya miƙa mata wayarsa. Ga hotonta, ga rubutu a ƙasa:

"Duban yau: Lorna Tolhurst. Ku masu cewa ba ta da ra'ayi, ku matso. Tsuntsaye a shafinta sun fi mutane yawa. Ta sa sola a rufi. Ta yi wa ƙurar kwal Allah-ya-isa saboda zanen gado. A siyasa: 'yar kore ce da ta ɓuya a rigar mai kofi, in ka yanke ta ruwan ganye ne zai fito. A tattalin arziki: a ƙwace dukiyar kamfani a raba, amma kada a taɓa farashin burodinta. Da za a ba ta mulki, ranar farko za ta cika ramin kwal da ruwa ta zuba agwagi. Shekara da shekaru tana ciyar da ku, ashe lallaɓa ku take yi!" Sai jerin fuskokin dariya.

Lorna ta dafa tebur. Len ya ce, "Wasa ne fa, 'yar uwa, ni ma ai an yi min." Ta yi masa murmushin yaƙe ta zuba masa kofi, rabinsa a kan faranti. Abin da Len bai sani ba, kuma Coralie ma ba ta sani ba, shi ne ba duka ne ƙarya ba. Akwai tunanin da Lorna ta daɗe tana yi ita kaɗai, wanda ko Merv bai taɓa ji ba, ga shi yau ƙawarta ta laluɓo gefensa da wasa ta shanya a tsakiyar gari.

Da Len ya fita ta ɗauko tata wayar. Maganganun farko duk dariya ce. Wani ya ce shi zai riƙa kiwon agwagin, wata ta ce a ajiye mata ƙwai. Daga nan ma'aikatan da suka fito daga taro suka soma shigowa. "Ba abin dariya ba ne yau." "Dama na lura da solar nan." "Da kuɗinmu ta saya." Wani ya ɗauki hoton rubutun ya kai shi wani babban zaure na ma'aikatan kwal na jihar baki ɗaya, inda ba wanda ya san Coralie balle Duban Juma'a. Can aka karanta shi a matsayin labari. Sunayen da Lorna ba ta taɓa ji ba suka yi ta kwararowa. Wani ya tambayi a wane titi shagon yake. Wani ya ba shi amsa.

Ta kira Coralie.

"Cire shi."

"Haba Lorna, kowa dariya yake yi, har Len..."

"Karanta na ƙasa."

Coralie ta soma karantawa, na'urar busar da gashi tana ƙara a bayanta. Can ta ce, "Wayyo Allah. Waɗannan ai ba 'yan garin nan ba ne."

"Wanda ya faɗa musu titina ɗan garin nan ne. Cire shi, na ce!"

Coralie ta cire. Amma hoton ya riga ya yi ƙafa.

Merv da ya dawo ya karanta a tsaye, ya ajiye wayar ya ce, "Zai wuce." Ya shiga wanka. Lorna ta yi ta nazarin fuskarsa a wurin cin abinci ba ta karanto komai ba.

Ranar Litinin da asuba ta tarar an kwara koren fenti a ƙofar shago, ya gangaro kan matakala ya bushe. Ta durƙusa tana kankarewa, tana waiwaye duk lokacin da fitilar mota ta hasko ta. Motocin da suka saba tsayawa suka riƙa wucewa. Wasu sun rage gudu, sun kalla, sun ƙara mai. 'Yan kaɗan da suka shigo ba wanda ya zage ta. Sun ce "kofi", sun ce "na gode", idonsu a kan allon farashi. Ta san wannan kallon bangon, ta gan shi tun tana yarinya. Da rana ta kwashe burodin da ya yi kwantai ta kai gidan tsofaffi.

Brody bai zo ba. Kullum shi ne na farko, yakan zagayo ta baya ya ɗauki burodi biyu bai biya ba. Ta kira shi.

"Mama, ki ɗan yi min haƙuri tukuna. Wurin aiki ba daɗi. Ɗan agwagwa suke ce min."

"Ai ka san wasa ne, ɗana."

"Na sani. Su ma sun sani. Amma ki bari ya lafa."

Tsoro ya sa ta yi abin da ya ƙara dagula lamarin. Ta goge hotunan aku, ta goge na sola, har hoton mahaifinta ta cire tana hawaye. Ta samo kwali ta rubuta da manyan baƙi, "KWAL NE ABINCINMU", ta manna a taga. Kafin yamma an ɗauki hoton kwalin an ɗora. "Ga ta nan, ido ya raina fata." "In ba ta da laifi me ya sa take goge-goge?" Ta cire kwalin. Aka ce ta cire ne don dama ba har zuci ba ne.

Ta daina cin abinci sosai. In waya ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Tana da wata tsohuwar karya mai suna Biddy, ta hana ta fita ko farfajiya, kullum da safe sai ta zagaya gida tana duba ko an jefo wani abu ta kan shinge.

Ranar Laraba takan je birnin Mackay sayo kayan shago. Tafiya ce mai nisa, hanya miƙe sambal, daji hagu da dama, wani wurin ko waya ba ta kamawa. Ta so ta fasa, amma fulawa da nama sun ƙare. A kan hanyar dawowa, rana ta soma karkata, ta hango wata farar a-kori-kura a madubi, da doguwar tuta irin ta motocin mahaƙa. Ta matsa gefe don ta wuce. Ba ta wuce ba. Ta rage gudu, ita ma ta rage. Ta ƙara, ita ma ta ƙara, har ta manne mata a baya, hancin motar ya cika madubin. Sai hon, mai tsawo, ba ƙaƙƙautawa.

Lorna ta laluɓo waya da hannu ɗaya. Ba layi. Ta riƙa cewa "Ya Ubangiji, ya Ubangiji", ita da rabonta da coci tun jana'izar mahaifinta. Gabanta akwai wata 'yar siririyar gada a kan busasshen rafi. Dab da gadar a-kori-kurar ta fizgo ta sha gabanta ta gilma a bakin gadar. Lorna ta taka birki, kwalayen da ke baya suka zubo. Ta danna makullin ƙofofi.

Wanda ya fito ta san shi. Travis Noonan ne, ɗan ƙawarta Bev Noonan, ajinsu ɗaya da Brody. Ya sha kwana a gidanta suna yara. Yanzu ƙato ne, da rigar aiki, fuskarsa ta yi jajir. Ya zo ya buga gilashinta da tafin hannu.

"Anti Lorna, buɗe!"

Ta girgiza kai.

"Buɗe mana, magana zan yi!" Ya sake bugawa, motar ta girgiza. "Matata ciki gare ta, ya tsufa. Gidan da muke ciki na kamfani ne. In aka sallame ni ina zan kai ta? Cikin agwaginki?"

"Travis," ta ce, muryarta da ƙyar take fita ta cikin gilas, "ni ce fa."

"Na san ke ce! Shi ya sa! Su waɗancan 'yan birni ba su san mu ba. Ke kullum da safe kina mana dariya, kina tambayar lafiyar matata Shania, ashe addu'a kike a rufe mu. Faɗa min da bakinki. So kike a rufe?"

Ta buɗe baki. Kalma ɗaya ce, "a'a", kuma da ta faɗa wataƙila da ya tafi. Ta kasa faɗa. Ta tsaya tana kallonsa, hannuwanta a ƙanƙame da sitiyari. Travis ya jira. Da ya ga ba amsa sai ya ja da baya ya ɗaga ƙafa ya narka wa madubin gefe takalminsa na ƙarfe. Madubin ya karye ya yi lilo a jikin waya. Lorna ta rufe kai da hannu tana jiran gilashin ya biyo baya.

Hon ɗin wata babbar motar shanu ne ya cika wurin. Ta taho daga ɗaya ɓangaren gadar ta tarar an tare hanya. Travis ya waiwaya, ya kalli madubin da ya karya kamar bai san wanda ya yi ba, ya goge fuska da hannun riga, ya koma motarsa ya ja. Direban shanun ya tsaya ya leƙo.

"Lafiya, baiwar Allah? In kira 'yan sanda in na samu layi?"

"A'a. Ɗan ƙawata ne," in ji Lorna. Ta daɗe a wurin kafin ta ja mota.

Merv yana ban ruwan shuka ta shigo. Ya kalli madubin, ya kalle ta, ya kashe famfo. A kicin ta faɗa masa komai. Ya miƙa hannu ya ɗauki makullin motarsa. Ta riga shi zuwa ƙofa ta tare.

"Matsa, Lorna."

"In ka taɓa yaron nan, mu ne za mu ɗaure kaya mu bar garin nan. Don Allah zauna."

Ya daɗe a tsaye yana huci, sannan ya ja kujera ya zauna. Ya juya makullin a hannunsa.

"Ya tambaye ki, kin kasa cewa a'a."

"Na kasa."

"To ni ma na tambaye ki. Abin da Coralie ta rubuta, gaskiya ne?"

Wannan tambayar ta fi bugun gilashin ba ta tsoro. Ta zauna ita ma.

"Ba na so a kori kowa, Merv. Ko mutum ɗaya. Amma ni na riƙe Baba yana neman numfashi kamar kifin da aka jefo tudu. Rafin da muka yi wanka muna yara, yau ko Biddy ba na bari ta sha. Ba na so Brody ya tsufa a ramin nan. Kuma a raina na san zai ƙare, ko da 'yan kore ko babu su, su kamfani su kwashe nasu su tafi su bar mu da rami. Ina so a soma tunanin abin da za mu ci bayan nan. In wannan ne zama 'yar kore, to ban sani ba."

Merv ya ajiye makullin a kan tebur.

"Ban yarda da ra'ayinki ba," ya ce. "Ramin nan ne ya gina gidan nan. Shi ya kai Kym jami'a."

"Na sani."

"Kuma akwai kwal a ƙasan nan da zai kai jikokinmu."

"Wataƙila."

"Shekara talatin da biyar muna tare, ba ki taɓa faɗa min ba."

"Tsoro nake ji."

"Tsorona?"

"Tsoron kowa."

Ya tashi ya fita farfajiya. Ta hango shi ta taga yana tsaye a gaban shukar tumatir, bai kunna famfon ba. Ranar ba su ƙara magana ba, kuma Lorna ta ƙudurta a ranta cewa ta rasa shi shi ma.

Da asuba tana ɗaure gashi ta ga ya sa rigar aiki, alhali ta ji shi yana waya yana neman hutu. Ya bi ta zuwa shago. Ya ɗauko tebur ya kafa a waje dab da ƙofa, a kan ragowar koren fentin, ya zauna da kofinsa da jarida yana fuskantar titi. Duk motar da ta taho sai ya ɗaga mata hannu. Wuce shagon Lorna abu ne mai sauƙi. Wuce Merv Tolhurst yana ɗaga maka hannu, mutumin da ya koya wa rabinsu tuƙin motar haƙa, wannan da wuya. Mota ɗaya ta tsaya, sai wata.

"Merv, me kake yi a nan?"

"Kofi nake sha. Kai fa?"

Haka ya yi har hutunsa ya ƙare. Bai kare ta da baki ba ko sau ɗaya, bai ce wasa ne ba, bai ce ƙarya ne ba. Brody ya dawo, ta gaba ya shigo wannan karon, ya sumbaci kanta. Yawancin mutane sun dawo. Wasu ba su dawo ba har yau, sun koma shan kofin gidan mai.

Coralie ta zo shagon tana kuka kamar ranta zai fita. Ta rubuta doguwar ban haƙuri a zaure, wadda ta sake tayar da maganar na wasu kwanaki. Ta daina Duban Juma'a, aka samu masu cewa Lorna ce ta kashe wa gari abin dariyarsa saboda ba ta san wasa ba. Lorna ta ce wa Coralie ta yafe, kuma har zuciyarta ta so ya zama haka, amma sai ta tsinci kanta tana zuwa Mackay gyaran gashi. Shafinta kuwa ta rufe shi ɗungurungum, Kym ta koma turo mata hotunan yara kai tsaye.

Izinin ya fito bayan watanni, amma ba yadda kamfani ya nema ba, aka rage mutane duk da haka. Travis yana cikinsu. Ya kwashi matarsa da jaririnsu ya tafi yammacin ƙasar neman aiki. Bai taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta faɗa wa kowa abin da ya faru a gada ba sai Merv. Bev Noonan in ta hango ta a titi sai ta tsallaka ɗaya gefen, Lorna ba ta san ko kunya ce ko fushi ba.

A shekarar da ta biyo baya aka yi zaɓe. Ranar Asabar ce, a makarantar firamare. Da ba don dokar ƙasar ta sa jefa ƙuri'a dole ba, da Lorna ba za ta je ba. A bakin ƙofa wakilan jam'iyyu suna miƙa takardunsu, ta karɓi na kowa don kada a ce ta ƙi na wani. A cikin ɗan akurkin kwali na cike ƙuri'a ta tsaya da fensir a hannu, tana jin kamar idon garin duka yana bayan wuyanta. Ta waiwaya. Ba kowa sai wata tsohuwa da ke neman tabaraunta a jaka. Ta kare takardar da hannun hagu kamar 'yar makaranta a jarrabawa, ta cike, ta ninke ta har sau huɗu ta jefa a akwati.

A waje iyayen yara suna gasa tsiran nama suna sayarwa don gyaran filin wasa, hayaƙi ya cika harabar. Coralie ce a bakin wuta, da cokali mai yatsu a hannu. Da ta ga Lorna sai ta rasa inda za ta sa idonta.

"Da albasa ko babu?" ta ce a hankali.

"Da albasa," in ji Lorna. "Kin ƙona wancan, juya shi."

Merv ya fito daga nasa layin ya same ta. Bai tambaye ta wa ta zaɓa ba, ita ma ba ta tambaye shi ba. Suka tsaya a inuwar bishiya suna ci, maiƙo yana bin yatsunsu. Sannan ya ce gara su tafi, yana so ya biya ta kanti ya sayi taki kafin a rufe.